Sai da na ƙetare iyaka na ga ƙofar maƙwabciyata

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Matan zumunta sun daɗe suna roƙona in rubuta wannan shaida, ni kuwa ina ta ja da baya, domin akwai wurin da yake yi mini nauyi a baki. Yau dai Allah ya ba ni ƙarfin zama.

Ni Bahaushiya ce gaba da baya. Kakannina Maguzawa ne daga ƙasar Sumaila. Kakana na wajen uba shi ya fara karɓar bishara a gidanmu, kuma da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, ya koyi haɗa baƙi. A birnin Kano aka haife ni, a nan na yi makaranta, na koyi aikin jinya, na yi aure, na haifi tagwaye. Wanda bai san ni ba, in ya ji Hausata ya ga mayafina, Hajiya yake ce mini. In na gaya masa ni Kirista ce sai ya sake dubana, wani ma har ya tambayi ainihin ƙabilata.

A watan Mayu na 2004, da rikici ya tashi a Kano, ina 'yar shekara sha shida. Kwana biyar muka yi a bariki, muna kwana a ƙasa, mahaifiyata tana rufe ƙannena da zanenta. Da muka koma gida ba mu tarar da ko cokali ba. Sai kuma watan Maris na 2013, ranar da bam ya tashi a tashar mota ta New Road a Sabon Gari. Ina bakin aiki aka fara shigo da mutane, kuma abin da idona ya gani ranar ba zan rubuta shi ba. Ban taɓa zagin kowa ba, ban taɓa cewa na ƙi wani ba. Amma zuciyata ta sa sakata, ni kuma na ɗauka hankali ne na yi.

A ƙarshen shekarar nan muka kama haya a Badawa. Katanga ɗaya ta raba mu da wata dattijuwa. In mun haɗu a hanya, "ina kwana" ce da "lafiya lau", kowa ta wuce. Duk salla sai ta aiko yaro da tuwon shinkafa ko soyayyen nama. Ina karɓa, in gode wa yaron, in ba tagwaye su mayar da kwanon a wanke. Ƙafata ba ta taɓa taka zauren gidanta ba.

A haka aka yi sanarwa a majami'a cewa ana neman ma'aikatan lafiya da za su bi ƙungiyar bishara zuwa Jamhuriyar Nijar na mako huɗu, a watan Janairun 2018. Tun kafin a tashi daga sujada na ba da sunana. Maigidana ya ce zai riƙe yara, na ɗauki hutuna na shekara. An yi baiko na musamman Lahadi uku a jere, matan zumunta suka tara atamfofi da sabulu da man shafawa, muka sayi magunguna kwali-kwali. Mu tara ne: fasto, likita ɗaya, mu biyu masu jinya, direba, da matasa huɗu. Ba zan ɓoye ba, a raina mu ne masu kaiwa, su ne masu karɓa. Daga Kano fa muka fito.

Da asuba muka tashi, hunturu ya rufe gari. Muka bi ta Dawanau, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, muka karya kumallo a Katsina, kafin azahar muna Jibiya. Ba a neman biza tsakaninmu da Nijar a lokacin, takardar shaida ce kawai da katin rigakafin shawara, amma kwalayen magani sun tsayar da mu a Ɗan Isa har la'asar, ana dubawa ana rubutawa da Faransanci. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jandarman da ya gama magana da abokin aikinsa da Faransanci, ya juyo ya ce mana, "Kun sha hanya, sannunku da zowa." Hausa ce tsantsa, mai kama da ta Katsinawa da Gobirawa. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihi, tunda sarakunan Katsina da suka bar birninsu lokacin jihadi su suka kafu a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can. Ni dai ban sani ba sai ranar.

Kwana ɗaya muka yi a Maraɗi, muka canji naira zuwa sefa. A kasuwa na koyi cewa ba da sefa suke lissafi a baki ba, da dala suke yi, kowace dala sefa biyar. In mai tumatir ta ce dala ashirin, ɗari take nufi, dubu kuma jika ce. Asibiti likita suke ce masa, makarantar boko lakwal, malaminta mushe, gero kuwa hatsi ne kawai, kamar babu wani hatsin sai shi. Washegari muka nausa arewa kan hanyar Dakoro, muka sauka daga kwalta, mota ta yi ta nitsewa cikin rairayi har muka isa ƙauyen da za mu zauna.

Faston da ya karɓe mu dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Mahaifinsa ya yi jinyar kuturta a asibitin Danja, wanda muka wuce a hanya kafin mu shiga Maraɗi, a can ya ji bishara. Mama kuma a asibitin Galmi aka yi mata aiki aka ciro ɗanta na fari. Mishan ɗin SIM ce ta kafa su duka biyun, na Galmi tun 1950, ita ce kuma wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a wajenmu. Sai na ga ashe tushenmu ɗaya, iyaka ce kawai ta bi ta tsakani. Bambancin shi ne yawa. Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. A ƙauyen nan gidaje huɗu ne kacal, kuma ranar Lahadi na ƙirga mu ashirin da uku har da jarirai, ban da mu baƙi, cikin wani ɗakin laka mai rufin zana. Ganga ɗaya, ƙwarya biyu, amma waƙar da suka yi ta sa na kasa riƙe hawaye. Da aka zo baiko, wata ta ajiye ƙwai uku, wani ya ajiye kwanon wake.

Kiran sallar asuba shi ne agogonmu. Da ladan ya gama, Baba zai tafa hannu sau biyu a tsakar gida, mu fito da barguna mu zauna a yi addu'a da karatu. Daga nan mata sai rijiya. Rijiyar tana da zurfin da sai da sa ake jan guga, yaro yana kora shi ya yi nisa kafin ruwa ya iso baki. Tun daga ranar da na ga haka na daina wanka da bokiti cike. Da hantsi mu kafa tebur a ƙarƙashin wani gawo, mata su jeru da goyo. Zazzaɓi, gudawa, ciwon ido, tari, sai kuma tamowa, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Muna da wani ɗan ma'auni na takarda da ake zagaya damtsen yaro da shi, mai launi uku: kore, rawaya, ja. In ya tsaya a ja, damtsen bai kai santimita sha ɗaya da rabi ba, yaron yana cikin hatsari. Da dare kuma matasanmu suna koyar da karatu da fitila mai cajin rana, manya da yara, wanda ya so ya tsaya ya ji labarin Yesu ya tsaya, wanda bai so ba ya yi sai da safe, ba a riƙe kowa.

Wata rana wani manomi ya ga ina mamakin yawan itatuwa a gonaki, ni da na zaci hamada zan tarar. Ya kai ni gonarsa ya nuna mini wani kututturen sabara da ya yi toho. Ya ce da can sassabe suke yi su ƙone komai, yanzu kuwa sai su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran, a shekara kaɗan ya zama itace. Sassabin zamani suke kiran abin. Baba ya ce wani ɗan mishan daga Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya yi ta bin manoman Maraɗi da wannan dabara tun shekarun 1980, da ya lura saiwoyin tsofaffin itatuwa suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manomin ya dafa gawon da ke tsakiyar gonar ya ce wannan ya fi taki, da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi wa dabbobi inuwa da abinci.

Yanzu na zo wurin da yake yi mini nauyi.

A kwana na huɗu muka shiga gida-gida ni da Mama. A wani gida wata tsohuwa ta shimfiɗa mana tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da fura a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙo mini, ni baƙuwa. Na dubi ruwan da aka dama da shi, na tuna gudawar da nake magani tun safe. Na ce na gode, na ƙoshi. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma ƙishi yana damuna, sai na zaro gorar ruwana daga jaka na sha a gabanta. Tsohuwar ba ta ce komai ba. Ta janye ƙwaryar a hankali ta miƙa wa Mama, Mama ta kafa kai ta sha sosai, ta yi godiya, ta yaba daɗin furar.

A hanyar komawa Mama ba ta yi magana ba sai da muka kusa gida. Ta ce, "Ɗiyata, hatsin da ta dama miki, na jikokinta ne na gobe."

Na ce, "Mama, tsoron ciwo na ji."

Ta ce, "Na sani. Ko leɓe kika sa, da ya isa. Shekara goma sha tara muna garin nan, ba mu da abin da muka fi su. Rijiyarsu muke sha, in mun mutu ƙasarsu za ta rufe mu."

Ban yi barci ba daren nan. Har yanzu ina ganin ma'aikacin lafiya yana da hujjar kula da abin da yake sha, kuma mun ci gaba da koya wa mata tafasa ruwan yara. Amma abin da tsohuwar ta gani a fuskata ƙyama ce, kuma ba ta yi kuskuren gani ba.

Bayan mako guda aka kawo wata yarinya 'yar kimanin shekara biyu. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ba ta ko kuka. Ma'auni ya tsaya can cikin ja. Na ɗaga kai in tambayi uwar, sai na ga tsohuwar nan tsaye a bayanta. Jikarta ce. Na tambayi uban, aka ce ya tafi ci-rani. Ina? Kano. Ruwa yake turawa a kura yana sayarwa. Na yi shiru, domin kullum sai na sayi ruwa wajen 'yan ga-ruwa a ƙofar gidana, ban taɓa tambayar ko ɗaya garinsu ba.

Likitanmu ya ce wannan ta fi ƙarfin abin da muke da shi, sai an kwantar da ita a Maraɗi. Muka shiga mota da yamma, ni da uwar da kakar. Na rungume yarinyar cikin zanena saboda sanyi, ina ɗiga mata ruwan sukari da cokali, ina addu'a a zuciyata ba tsayawa. Mota ta kafe cikin rairayi sau biyu. Muna hango fitilun gari na ji numfashinta ya canja, sai kuma ya tsaya. Na yi duk abin da aka koya mini. Kakar ce ta dafa hannuna ta ce, "Malama, bari. Mai ita ya karɓi abinsa."

Muka juya da gawa.

Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya ɗauki fartanyarsa ya bi maza maƙabarta, tare da shi aka haƙa kabarin. Da liman ya tsaya zai sallaci gawar, Baba ya koma gefe ya sunkuyar da kai har aka gama, sannan ya dawo aka rufe da shi. Ba wanda ya dube shi da mamaki. Mama kuwa ta dama kunu babbar tukunya, ta ɗora mini a kai, muka tafi gidan makoki. Muka zauna. Na so in yi magana, ayoyin ta'aziyya sun cika mini baki, ina ganin ai dama ce ta bishara. Da na gyara murya sai Mama ta danna mini gwiwa. Haka muka yini, masu gaisuwa suna shiga suna fita, "ya haƙuri", "Allah ya sa mai ceto ce". Washegari muka koma, jibi ma haka. Aikinmu a wurin ɗebo ruwa ne da wanke ƙore da riƙe yaran masu zuwa.

A rana ta uku da la'asar, mutane sun ragu, tsohuwar ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙwaryar nan, na gane ta da wani ɗinki a bakinta. Ta tsaya a gabana, ba ta miƙo ba, tana dai riƙe da ita. Na sa hannu biyu na karɓa na sha har na ga gindin ƙwaryar. Na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Mi kika yi? Ke da kika rungume ta har ta cika." Ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa, muka yi kuka tare.

Daren nan muna tsince wake ni da Mama, na tambaye ta ko ba sa jin tsoro, su gida huɗu a tsakiyar gari guda. Ta ce sun ji tsoro a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa. Labari ya iso ta rediyo, suka ɗaure 'yan kayansu suna jira. Da dare suka ji motsi a ƙofa, Baba ya leƙa, sai ya tarar da 'ya'yan maigari biyu da ƙanen liman sun shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin sujada. Kwana uku suka yi suna kwana a nan. Na ba ta labarin 2004, na gaya mata mu ba wanda ya kwana a ƙofarmu. Ba ta musa mini ba, ba ta ce in manta ba. Ta daɗe tana jinjina kai, ta ce abin da aka yi mana zalunci ne, Allah kuma ya gani. Can sai ta ce, "To yanzu, ɗiyata, wa ke maƙwabtaka da ke?"

Na ce wata Hajiya ce.

"'Ya'yanta nawa?"

Ban sani ba. Shekara huɗu da 'yan watanni, katanga ɗaya.

Sauran kwanakin sun wuce da aiki. Mun duba mutane da yawa, yara biyu da muka kai Maraɗi sun warke sun dawo, wani saurayi ya roƙi Baba ya ci gaba da koya masa karatu. Ranar tafiya tsohuwar ta kawo mini kaza da ƙullin kuka, ta kuma ba ni saƙo: in na ga ɗanta a Kano in gaya masa uwar yarinyar tana nan lafiya. Ta ɗauka Kano wuri ne da kowa ya san kowa. Na karɓi lambar wayar wani ɗan garinsu, kuma Allah ya taimake ni, bayan mako biyu na same shi a wajen Kurna, na isar da saƙon, na gaya masa yadda 'yarsa ta cika a hannuna.

Amma kafin wannan, kwana biyu da dawowata, ina gyaran kicin na ci karo da wani kwanon silba mai murfi wanda ba nawa ba. Tun babbar salla yake nan, yara sun manta ba su mayar ba. Na wanke shi, na cika shi da dabino da cuku da kilishin da na sayo a Maraɗi. Na kira tagwaye, sai kuma na ce su bari. Na yafa mayafi na fita. Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa tata.

Na yi sallama. Ta fito tana goge hannu, ta tsaya tana kallona. "Maman 'yan biyu? Yau ke ce a gidanmu? Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya. Tafiya na yi, na kawo miki tsaraba, ga kuma kwanonki da ya daɗe."

Ta ja ni har ɗakinta, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa na sha. A bango akwai hoton wani saurayi da hula zanna, yana murmushi. Na tambaya ko ɗanta ne. Ta ce shi ne babba. Ya tafi sallar Juma'a a babban masallacin birni, kusa da gidan Sarki, ranar da aka kai harin nan a watan Nuwamba na 2014, bai dawo ba. Ya bar mata da ciki.

Sai na tuna. Na tuna makon da na ga tabarmi da mutane cike da ƙofar gidan nan, na tuna na ce wa yara kada su fita, na sa kwaɗo a ƙofata da rana tsaka. Ina jin kukan mata ta kan katanga, ban tambayi ko wa ya rasu ba.

Bakina ya yi nauyi. Da ƙyar na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Na makara ƙwarai."

Ta ce, "Haƙuri mun gode Allah. Ai kin zo."

Muka zauna, ba mai cewa komai. Wani yaro ɗan shekara uku ya shigo da gudu, ya tsaya yana leƙena daga bayan kakarsa, ta ɗebi dabino ta ba shi. Muna nan har aka kira magariba. Ta miƙe za ta yi alwala, ta ɗauko yaron ta ɗora mini a cinya, ta ce in riƙe mata shi kada ya bi ta ya jiƙa rigarsa.